Yadda muka ɗinka wa Auta kayan ɗaki a tsakar gidanmu

Idan aka zauna aka lissafa kayan ɗakin amarya, kashi uku suke. Akwai na kafinta, gado da durowa da madubi da kujeru. Akwai na girki, su tukwane, kuloli, farantai da risho ko ɗan gas. Sai na yadi: zannuwan gado, rigunan filo, labule, abin rufa, tum-tum. Biyun farko babu dabara, sai an biya. Na ukun ne kaɗai hannu zai iya tsaya wa aljihu, kuma shi aka fi rainawa wajen lissafi. Sai an gama da kafinta, kuɗi ya ƙare, a shiga shago a ji kuɗin saitin zanen gado ɗaya, daga nan a fara neman wanda zai ba da rance.

An sa ranar autarmu a farkon 2024, biki a watan Disamba. Babanmu ɗan fansho ne, ni kuma koyarwa nake a firamare a nan cikin Katsina. Duk wanda ya yi cefane a wannan tsakanin ya san halin da ake ciki. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 komai ya tashi, sannan aka rufe iyakar Nijar a watan Agusta bayan juyin mulkin da aka yi can, hanyar Jibiya zuwa Maraɗi ta tsaya. An buɗe ta a Maris ɗin 2024, amma abin da ya hau bai sauko ba. Ba zan rubuta farashin komai a nan ba, don kafin ki karanta ya canza. Awo zan ba ki, shi ne ba ya canzawa.

Ni ba tela ba ce. Ban iya yanka riga ba, ban iya sa hannu ko wuya ba. Abin da na iya shi ne ɗinki miƙaƙƙe, wanda na koya ina yarinya a kan keken Inna. Da na duba kashin nan na uku sai na ga babu abu ɗaya a cikinsa da yake buƙatar fiye da haka. Zanen gado layi ne miƙe, labule layi ne miƙe, rigar filo ma haka. Na ce zan ɗauki wannan kashin gaba ɗaya, kuɗin da aka ware masa a ba ni rabi, rabin a ƙara wa kafinta.

Inna ba ta so ba. Ni ce 'yar fari, ba ta kiran sunana, sai ta dubi gefe ta ce, "Ke dai kar ki ja wa Autata gori. Dangin miji ba a iya masu. A ce an kai ta da ɗinkin gida?" Ban ga laifinta ba. Duk macen da ta taɓa zuwa jere ta san yadda ake ɗaga zanen gado a shafa, a leƙa bayan labule, a fita a ba da labari. Gwaggo, yayar Baba, ita ta raba gardamar. Ta ce, "Mi ne ne abin kunya a ciki? Mu da aka kai mu da saƙi da gwado, wa ya mutu? Daidai ruwa daidai tsaki. Amma ke kuma," ta juyo kaina, "in za ki yi, ki yi na gani a yaba. In kin san kwaɓa za ki yi, bar shi tun yanzu." A kan wannan sharaɗin na fara.

Keken Butterfly ne mai ƙafa, ya girme ni, ya kuma daɗe a rufe da tsohon zane. Na kira mai gyara ya sake masa bel, ya wanke ƙoshiya, ya zuba mai a duk inda ƙarfe yake gogar ƙarfe. Na sayi allura lamba 14 ta yadi mara nauyi, da 16 da 18 saboda inda yadi zai ninku. Wannan ɗan kuɗin gyara shi ne na farko da na kashe, kuma ba na da-na-sani a kansa. Keken da yake tsallake ɗinki ko yake tattare zaren ƙasa zai lalata miki yadi da zuciya tare. Amfanin mai ƙafa kuma a garin nan ba sai an faɗa ba, a kawo wuta ko a ɗauke bai dame shi ba.

Kafin na taka kasuwa sai da na je na auna ɗakin. Ciki da falo ne ango ya kama a Sabuwar Unguwa. Na tafi da tef da littafi, na auna ƙofofi da tagogi, na tambayi kafinta girman gadon da zai yi. Katifar ƙafa 6 ce da 4 da rabi, wato tsawo inci 72, faɗi inci 54, kauri inci 10. A nan mafi yawan kuɗin yake tsira ko ya salwanta. Macen da ta shiga kasuwa ba awo a hannunta, mai shago ne zai auna mata, shi kuwa ba zai taɓa cewa yadi 3 ya isa ba in zai iya sayar da 4.

Ga yadda lissafin zanen gado ya fita. Faɗin katifa 54, a ƙara kauri gefe biyu 20, a ƙara abin cusawa ƙarƙashi inci 8 kowane gefe, ya zama 90. Tsawo 72, a ƙara 20, a ƙara abin cusawa, ya kama tsakanin 104 da 108. Yadi ɗaya inci 36 ne, ke nan 108 yadi 3 cif. To turmin atamfa yadi 6 ne, faɗinsa kuma wajen inci 45. In kika raba shi biyu kika haɗa su gefe da gefe, kin sami kusan 90 da 108. Turmi ɗaya zanen gado ɗaya, ba saura ba ƙari. Ranar da wannan ya faɗo mini a kan takarda na ji ƙarfin gwiwa ƙwarai, don atamfa mai sauƙin kuɗi wadda zanenta ya daina tashe ba ta da wuyar samu, kuma gado bai san yayi ba. In gadonku 6 da 6 ne turmi ba zai isa ba, sai an ƙara yadi mai launi ɗaya a gefuna.

An ba ni shawarar in tafi Kantin Kwari. Gaskiya ne can ya fi araha, daga can ma yawancin 'yan kasuwarmu suke sarowa. Amma Kano kusan kilomita 170 ce daga nan, in aka haɗa kuɗin mota zuwa da dawowa da na ɗan dako, rarar ta tafi, sai ga mai sayen turame da yawa. Babbar Kasuwar Katsina na shiga, na kuma ƙi sayen komai a zagayen farko. Na tambaya, na taɓa, na rubuta. Abin da na fi nema shi ne ƙarshen bandir, ragowar yadi 2 ko 2 da rabi da bai isa ɗinkin babban mutum ba. Mai shago yana son ya rabu da shi, ni kuma shi ne daidai rigunan filo. Turmi kuma na sa an warware an auna a gabana, don wani ba ya cika.

Akwai abu ɗaya da ban yarda in yi arahar sa ba, shi ne abin da jiki zai kwanta a kai. Atamfa da yawa yanzu roba ce zalla, ga sheƙi ga kyau a ido, amma ki kwanta a kanta a zafin Afrilu ki ji yadda gumi yake kwanciya a bayanki. Gwajin ba wuya. Ki roƙi mai shago ya ba ki ɗan zare daga bakin yadin, ki fita gefe ki sa masa ashana. Auduga tana ci da wuta da warin takarda, ta bar toka mai laushi da za ki murje da yatsa. Roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri. Na kuma riƙe ɗan farin ƙyalle jiƙaƙƙe a leda, ina goga shi a kan yadin, in ya ɗauko launi da yawa in wuce. Ta roba ban ƙi ta gaba ɗaya ba, ita na saya don labule, can ba ruwanta da fatar kowa kuma ba ta saurin koɗewa.

Abin yana ci mini rai duk sanda na tsaya ina ƙona zare don in gane ko auduga ce. A jihar nan ake noman auduga, Funtuwa, Bakori, Malumfashi, ga masaƙa a Funtuwa. Tun 1957 aka buɗe babbar masaƙa a Kaduna zamanin Sardauna, wasu suka biyo baya, dubban mutane suna ci a ƙarƙashinsu. Yau yawancinsu a rufe suke, mu kuma muna sayen roba daga Sin mu shimfiɗa wa amarenmu. Wannan ba maganar da keken Inna zai gyara ba ce, amma duk mai ɗinki tana jin ta a tafin hannunta.

Daga layin yadi na gangara wajen 'yan gwanjo. In an fasa dilar zannuwan gado akan dace da farare masu kauri na auduga, waɗanda sabonsu ya fi ƙarfina. Na ɗaga kowanne sama ta wajen rana, don tsakiya ce take fara cinyewa, in haske ya ratsa ta fiye da gefe na ajiye. Na zaɓi biyu, na dafa su a ruwan zafi da sabulu, suka sha rana. Ba su ne za a shimfiɗa a sama ba, aikinsu yana zuwa.

Duk yadin da na saya sai da na wanke shi kafin almakashi ya taɓa shi, kowanne shi kaɗai, har ruwan ya daina canza launi. Auduga tana shiga a wankin farko. In kika ɗinka kafin ki wanke, zanen da ya rufe katifa jiya gobe zai kasa kai gefe, ɗinkin kuma ya tattare. Bayan ya bushe na goge da dutsen gawayi. Wajen rabawa ban bi almakashi ba, na ɗan datsa baki na tsaga da hannu, saboda tsagi yana bin zaren yadin ya fita a miƙe.

Haɗin zanen gadon yana da 'yar dabara. In aka haɗa falle biyu kai tsaye, ɗinkin zai faɗo tsakiyar gado daidai inda baya yake kwanciya, kuma nan ido yake fara sauka. Sai na bar falle ɗaya cikakke a tsakiya, ɗayan na tsaga shi biyu ta tsawo, na ɗora rabi a dama rabi a hagu. Tsakiyar ta rufe kusan duk saman katifar, ɗinkunan suka koma can kusa da baki. Kafin nan na cire inci 4 daga ƙarshen kowane falle na ajiye, tsawon ya tsaya a 104, ya kuwa isa. Bakin atamfa mai rubutun kamfani na yanke shi.

Irin ɗinkin da na yi shi ne wanda ba ya barin bakin yadi a waje. A ɗora falle biyu, na ƙasa ya leƙo da rabin inci, a bi da keke. A naɗo wanda ya leƙo ya rufe ɗan'uwansa, a kwantar, a danne da dutsen guga, a sake bi. Gaba da baya duk a rufe, babu zaren da zai zazzago, ba sai an kai wa mai wibin an biya ba. Aikin ninki biyu ne, amma wannan ɗinkin shi ne amsar maganar Inna. Abin da yake tona asirin ɗinkin gida ba yadin ba ne, bayan aikin ne. Dutsen guga kuwa a gefen keke ya zauna har na gama. Kalmasar da aka goge kafin a ɗinka da wadda aka naɗe da yatsa kawai, ko daga bakin ƙofa ana bambance su.

Rigar filo na yanka inci 20 da 66, mai baki shiga-ciki, ba zif ba maɓalli. Yadi 2 mai faɗin 45 yana fitar da guda biyu har da ɗan saura. Na yi su da yadi mai launi ɗaya wanda ya dace da atamfar, sannan na ɗauko inci 4 ɗin nan da na ajiye na zagaya bakin kowacce da shi. Da wannan 'yar ɗaurin sai suka zama saiti, wanda bai sani ba zai ce tare aka sayo su. Saiti uku na yi. Labule bai ba ni wahala ba: faɗin taga sau biyu don ya yi tattara, inci 3 a sama inda sanda za ta shiga, inci 4 kalmasar ƙasa don ya yi nauyi ya sauka. Na tagar ɗaki na yi masa shafi da ɗaya daga cikin fararen gwanjon, saboda tagar tana kallon yamma.

Inda aikin ya zauna mini da gaske shi ne abin rufa. Bikin cikin hunturu zai faɗo, wanda ya san sanyin Katsina a Disamba da Janairu ya san amarya ba ta tarewa ba bargo. Mai kyau a kasuwa kuɗinsa ya kusa cinye duk abin da ya rage mini. Sai na tuna da ƙyallayen da teloli suke sharewa. Azumin shekarar ya kama a Maris, ɗinkin Sallah ya taso, shagon telan unguwarmu har ƙofa ƙyalle ne. Na aika ƙanena ya yi masa magana, daga baya na je da kaina. Na ce, "Malam, waɗannan da kuke zubarwa nake so a riƙa tara mini." Ya ce, "Malama, ai kin rage mana shara. A kawo buhu." Wasu telolin sayarwa suke, shi bai karɓi komai ba, ni kuma ban bar shi haka ba, ana kai masa kunun buɗa-baki har aka sauke azumi. Kafin Babbar Sallah ya sake cika mana wani buhun.

Warewa ita ce rabin aikin. Muka zazzage a tabarma, ni da Auta da yaran gida. Leshi gefe, mayafi mai santsi gefe, duk mai jan jiki gefe, waɗannan ba sa zama lafiya da atamfa, ɗaya ya ja ɗaya ya tsaya sai aikin ya karkace. Atamfa da yadin maza mai kaurinta kawai muka ɗauka. Muka wanke, muka goge, muka raba masu duhu da masu haske. Na yanka kwali inci 6 da 6, yara suna ɗorawa suna zagayawa da ɗan guntun sabulu da ya sirance, yana zane fiye da alli kuma yana fita a wanki. Yankan kam ni da Auta ne kawai, don in falle ɗaya ya fi wani da kaurin yatsa, kuskuren yana bin layi har ƙarshe.

Kowane falle in aka cinye rabin inci ta kowane gefe zai koma inci 5. Ina son abin rufar ya kai inci 80 da 90, ke nan falle 16 a faɗi, 18 a tsawo, jimla 288. Da na faɗi adadin Auta ta zaro ido ta ce, "Yaya, anya kuwa?" Na ce mata ai ba rana ɗaya za a yi ba. Kullum in an dawo daga makaranta aka yi la'asar, a yanka abin da ya samu a zuba a kwando. Da suka cika muka share tsakar gida, muka shimfiɗa tabarmi, muka jera su mai duhu mai haske, mai duhu mai haske. Ido a kusa ba ya ganin inda launi ya taru. Sai na hau kujera na ɗauki hoto da waya, a ɗan ƙaramin hoton nan take ake ganin inda ja ya yi yawa ko inda wuri ya yi fari fat, a sauya. Muka kwashe layi-layi, kowane layi da lambarsa a takarda an soke da allura.

A kan keken na manna ɗan filasta daidai rabin inci daga allura, bakin yadi yana binsa, ban sake auna komai ba. Ina haɗa su biyu-biyu ba tare da na yanke zare ba, wannan na fita in tura na gaba, su zubo ta baya a jere, daga baya a rarraba. Zare yana tsira da yawa ta haka, ƙafa ma ba ta yawan tsayawa. Biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas, har layi ya cika. Wajen guga, layin farko na kwantar da ɗinkunansa dama, na biyu hagu, na uku dama. In aka zo haɗa layi da layi sai kusurwoyin su shige juna su zauna daidai, allura kuma ba ta cin karo da tudu. Wannan ɗan abin shi ya sa aikin ya fito a tsare, kowace kusurwa huɗu sun haɗu a wuri ɗaya.

Hawa uku ne bargon. Ƙasa farin gwanjon da ya rage, tsakiya wani tsohon bargon Inna da ya koɗe amma bai yage ba, sama ƙyallayen. Muka shimfiɗa su a ƙasa muka ja har babu tattara, muka ɗora duwatsu a kusurwa. Keken gida ba zai iya haɗiye wannan kaurin ta tsakiya ba, don haka da hannu muka kama shi. Basilla da zaren ulu, a soka a kowace mahaɗar kusurwa a fito, a ƙulla sau biyu, a yanke a bar ɗan geza. Daga tsakiya ake farawa a yi waje, in aka fara daga baki iska da rara za su taru a ciki su yi ƙullutu. Nan ne maƙwabta suka shigo, kowa da basillarta, ana hira ana ƙulli. Bakin kuma zagayensa inci 340 ne. Na tsaga tsiri 8 masu faɗin inci 4 daga yadi ɗaya baƙi, na haɗa su, na naɗe bakin da shi da allura lamba 18, ina juya kan keken da hannu a kusurwoyi.

'Yan mitsi-mitsin da suka rage ba a zubar ba. Na ɗinka jaka biyu da akoko, muka datsa su ƙanana muka danna a ciki har suka yi tauri, na yi musu riga da ragowar yadin labule, suka zama tum-tum na falo. Suna da nauyi, amma ba sa lotsewa kamar na soso. Gwaggo kuma ta ce ba za a yi ba ita ba. Ta sa aka sayo mata kaba da galura, ta rina ja da kore, ta zauna tana ɗinka faya-fayai da mafici, har da ɗan lefen zuba goro. Idonta ya yi rauni, amma yatsunta ba sa neman ido. Na zauna kusa da ita na koyi farkon naɗin, wurin da ake murɗa cibiyar faifai, shi ne mai wuyar.

Kada in sa wata ta ɗauka abin kyauta ne. Kuɗin da ba a kashe ba, baya da ido ne suka biya shi. Akwai daren da na kwanta ƙafata tana taka keke a cikin barci. Mai jego, ko wadda aka sa wa biki wata ɗaya, ba zan ce ta ɗauko bargon nan ba, ta tsaya a zannuwan gado da labule, su ne suke da saurin gamawa kuma su ne rararsu ta fi yawa. Akwai kuma abin da na ga bai cancanci wahalar ba. Darduma, tawul da filo na ciki duk saye muka yi, don kayan haɗa su a gida sun kusa kai kuɗin sabo.

Ranar jere na tafi da dutsen guga da allura da zare a jaka. Muka kafa labule, muka ja zanen gado, muka ninke bargon a ƙafar gado, faya-fayan Gwaggo suka hau bango. Da dangin ango suka shigo, wata babbar mace a cikinsu ta nufi gadon kai tsaye, ta ɗaga gefen zanen ta juya bayansa, ta bi ɗinkin da yatsa. Ta ce, "Wane shago kuka kai?" Gwaggo ta ce, "Shagon yana gidanmu, ga mai shi nan." Matar ta ce, "Allah ya yi wa hannun nan albarka, ɗiyata." Bargon kuwa ra'ayi ya rabu a kansa. Tsofaffi sun yaba, wasu 'yan mata suka ɗauki hoto, wata kuma na ji ta da kunnena tana cewa tsumma ne aka harhaɗa. Ya yi mini zafi, don na san abin da ya ci. Na tambayi Auta a gefe ko in ɗauke shi a mayar gida. Ta ce, "Yaya, a bar shi inda yake. Akwai atamfar Sallar Inna a ciki."

Da na rufe littafin lissafi, rabin kuɗin da aka ba ni bai ƙare ba. Abin da ya yi saura muka cika aka saya mata tukunyar gas ƙarama, ba a kuma ci bashin kowa a kan yadi ba.

Bayan bikin mata uku a unguwa suka zo da turamensu. Zanen gado da labule na karɓa, na ce su kawo yadi da zare, kuɗin hannu kuma a kan kowane saiti, a biya rabi kafin in fara. Bargon ne na ƙi yi don kuɗi. Na lissafa lokacin da yake ci, na ga duk abin da zan faɗa za a ce na tsawwala, duk abin da za su iya biya kuma bai kai ladan yankan kaɗai ba. Na ce wadda take so ta turo 'yarta ranar Asabar da hantsi da buhun ƙyallenta, in nuna mata. Da na goyo muke farawa, falle 7 a faɗi 9 a tsawo, 63 ke nan, yana fita inci 35 da 45. Wadda kusurwoyinta suka haɗu a wannan, sai ta wuce zuwa babba.